Inda Aka Binne Cibiyar Mardiya

Ranar da Nijeriya ta karɓi mulkin kanta aka soke baƙunci a ƙasar Tambuwal. Malam Attahiru, babban malamin makarantar elemantare, shi ya sanar da haka a filin ƙwallo, yana tsaye a kan teburin da yara suka ɗauko daga aji. Ya ce daga wannan rana duk jaririn da ya faɗo a Nijeriya ɗan Nijeriya ne, ko daga ina iyayensa suka taso, ko da me suka zo, ko ma ba su zo da komai ba. Ya ce doka ce, an rubuta ta a Ikko, babu kuma mahalukin da ya isa ya goge. Da ya ga taron bai motsa ba, sai ya sauko da maganar daidai kunnen manoma.

"Duk wanda aka binne cibiyarsa a nan, ɗan nan ne," in ji shi, da Hausar rediyo da yake ajiyewa don manyan ranaku. "Babu sauran baƙo. An gama."

Aka yi tafi. 'Yan makaranta suka kaɗa ƙananan tutocin da aka raba musu, sannan aka kira su cin shinkafa. Galibin waɗanda ke filin sun manta da jawabin kafin su kai gida, kuma ba laifinsu ba ne. Kakanninsu na kwance a maƙabartar garin, ba su taɓa bukatar doka ta gaya musu 'yan ina ne su ba. Mutum ɗaya ne ya tafi da maganar, shi ma ba don ita ya zo ba. Garmarsa ya kawo gyara, ya tarar maƙeri ya rufe maƙera ya tafi kallon 'yanci.

Sunansa Arzika. A Tungar Ɗangiwa, wani ɗan ƙauye a kan hanyar Kebbe, Bafaranshe ake ce masa, ko da yake bai san komai a Faransanci ba sai kalmar da ake faɗa kafin bulala ta sauka. Daga bayan Dogon Dutsi, a ƙasar Faransa, ya gudo yana saurayi, tun kafin yaƙin Bama, lokacin da ake kwasar samari aikin hanya. Hausa yake yi kamar kowa, alƙiblarsa ɗaya da ta kowa, fura ɗaya suke sha. Abin da ya rasa a Tunga shi ne kabari. Ba shi da na kaka, ba shi da na kawu, ba shi da ko na jinjiri da zai nuna ya ce nasu ne.

Tsoho Ɗangiwa, mai garin, ya karɓe shi hannu biyu. Ya kai shi bakin daji, ya nuna masa wani fili da sabara da ƙaya suka cinye, ya ce ya noma. Arzika ya noma. Ya tuge kututture, ya riƙa roƙon Fulani su kwana da shanunsu a wurin kowane rani, har ƙasar ta yi baƙi, har masu wucewa suka fara rage sauri in sun zo daidai ita. Duk kaka yakan ɗauki damin gero ya kai ƙofar gidan Ɗangiwa. Ba don Ɗangiwa na bukatar gero ba, sai don kada gonar ta manta da mai ita. Ƙa'idar ba ɓoyayyiya ba ce, an gaya masa tun ranar farko: gonar aro tare da wanda aka ara wa take mutuwa.

Da ya tashi aure, duk gidan da ya leƙa a Tunga sai a yaba halinsa ƙwarai, a ce kash, an riga an yi wa yarinyar miji. Sai da ya koma can inda ya baro ya ɗauko Zahara'u, da tukwanenta, da 'yar akuyar da uwarta ta ba ta. A ranar da Malam Attahiru ya hau tebur, Zahara'u na ɗauke da cikin fari, cikin kuma ya tsufa.

Arzika ya jira har Malam ya sauko, ya ajiye garma, ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam, har ɗiyan baƙo?"

"Har su."

"Ko uwa da uba duk na ƙasar Faransa na?"

"Ko daga Sin suka zo," in ji Malam Attahiru, yana gyara hannun riga. "Hakkinsa ɗaya da na ɗan sarki. Ka je ka gaya wa mutanenku."

Arzika bai gaya wa kowa ba. Ya saɓa garmar da ba a gyara ba, ya kama hanya, yana tauna maganar har gida.

Ba a daɗe ba Inna Atu, uwar Zahara'u, ta iso tare da fataken kanwa. Ta zo ɗaukar 'yarta goyon ciki. Haihuwar fari a ɗakin uwa ake yin ta. Uwa ce ke dafa ruwan wanka safe da yamma har a yi arba'in, ita ke dama kunun kanwa, ita ke hura wuta a ƙarƙashin gado a gasa mai jego. Atu ta tara itacen wankan tun farkon damina, ta sayi sabuwar tukunya, ta kuma gaya wa dukan maƙwabta. Ba ta taɓa jin inda aka hana uwa wannan ba, saboda haka ba ta zo da shirin roƙo ba.

Suruka ba ta kwana a gidan mijin 'yarta, ba ta cin tuwonsa, ba ta haɗa ido da shi. Sai ta sauka wurin Hauwa'u, matar Ɗangiwa, kuma ta bakin Hauwa'u aka yi maganar. Atu na zaune a tsakar gida, Arzika na tsugune a bayan zana, kowannensu na jin numfashin ɗayan, Hauwa'u na tsaye a tsakiya tana maimaita wa kowa abin da ya riga ya ji.

Ya ce a ba Inna haƙuri, a nan yake so a haihu. Atu ta tambayi dalili. Ya ce doka. Ta tambaya ta wa. Ya ce ta gwamnati.

"Hauwa'u, tambaye shi," in ji Atu, "gwamnatin ga ta iya dama kunun kanwa?"

Hauwa'u ta tambaye shi tana danne dariya. Arzika na zanen ƙasa da tsinke. Ya ce shi dai abin da ya gani, in can aka haifi ɗan, ɗan can ne, zai dawo nan ya zama Bafaranshe na biyu, ranar da shi Arzika ya kwanta dama a karɓe gonar a bar yaro da garma a hannu. In kuwa a nan aka haife shi, Malam ya ce hakkinsa ɗaya da na ɗan sarki. Atu ta tambaya wane malami, a wane masallaci yake. Da aka ce na boko ne, ba ta ƙara tambaya a kansa ba.

Hauwa'u ta kawo shawara, ta ce to me zai hana Inna ta zauna a nan ta yi wankan. Atu ta dube ta kamar an ce ta yi salla ba alwala. Arba'in cur a garin suruki, tana cin geron da ya noma, yana jin tarinta ta zana? Ta ce a kira mata 'yarta, ta gaji da magana da danga.

Zahara'u ta zo ta durƙusa, da ƙyar, saboda nauyi. Atu ta ce ta je ta ɗaure kayanta, fatake gobe za su juya. Zahara'u ba ta tashi ba. Ita ma ta tsinci waken gonar nan, ta san cikar rumbun da ke bayan ɗakinta, ta kuma san irin rumbun da ta baro a gida.

"Inna, gonar," ta ce.

Atu ta dube ta tun daga kallabi har yatsun ƙafa.

"Ke ma?"

Ba ta yi mata baki ba, ba ta yi kuka ba. Da safe ta sayi dunƙulen kanwa wurin fataken, ta ajiye a ƙofar ɗakin Hauwa'u, ba ta ce na wane ne ba, ta bi jakuna. Fataken sun ci gaba da zuwa kowace shekara. Ba su sake kawo saƙo ba.

Bayan an gama kai gero rumbu Zahara'u ta haihu. Mace. Hauwa'u ta leƙo ta zana ta gaya wa Arzika, ta kuma tambaye shi ko duk wannan rigimar don ɗiya mace aka yi ta. Ya ce Malam bai ware ba.

Abin da ya biyo baya shi ne Tunga ba ta manta ba. Cibiya da mabiyiya aikin mata ne. Ungozoma ke wanke su ta binne a bayan ɗakin mai jego, kuma ba namijin da ya taɓa tambayar inda aka sa. Arzika ya tsaya a ƙofar ɗaki, ya miƙa sakaina, ya ce a zuba masa. Nana ungozoma ta ɗauka ko ya taɓu ne, ko kuwa wani tsafin mutanensu ne da ba ta sani ba. Ya nace har ta ba shi. Da rana tsaka ya ratsa gari da sakainar a rufe da ganye, ya wuce dattawan da ke ƙofar masallaci, ya shiga tsakiyar gona. Ya haƙa rami har gwiwar hannu, ya binne, ya dasa ɗan tsiron tsamiya a kai, ya kewaye da ƙaya saboda awaki. A ganinsa ɗaki kan faɗi, gida kan tashi, a manta wurin. Shi yana so in ranar ta zo a tarar da shaidar a daidai inda ake bukatarta.

An raɗa wa yarinya Mardiya, amma 'Yar Nijeriya ne ya bi ta. Tsamiyar kuwa Nijeriya aka sa mata kai tsaye.

"Bafaranshe, yaya Nijeriya?" haka samari ke gaishe shi a bakin rijiya. "Akuya ba ta cinye ta ba?"

"Tana tofo," yakan ce, ya ja gugarsa.

Hauwa'u ta yi wa Zahara'u wanka na 'yan kwanaki saboda maƙwabtaka, sannan ciwon bayan Hauwa'u ya motsa. Daga nan Zahara'u ta riƙa dafa ruwanta da kanta. Ba wanda ya tara mata itace, sai kara, shi kuwa kara kafin tukunya ta ɗau zafi ya zama toka. Kanwar Atu ta ƙare ba a kai arba'in ba. Zahara'u ba ta sake ɗaukar ciki ba, kuma matan Tunga sun daidaita a kan dalili ba tare da an tambaye su ba. Ita ba ta musa ba. Labarin rasuwar Atu ma a bakin wani falke ta ji, yana cikin auna mata kanwa, ya faɗa a zaton ta sani. Ta ce Allah ya jiƙanta, ta karɓi kanwarta, ta shiga gida ta ci gaba da tankaɗen da ta bari.

Damin gero dai bai fasa zuwa ƙofar gidan Ɗangiwa ba. Sau ɗaya Zahara'u ta tambayi mijinta amfanin kai shi, tunda ga Mardiya. Ya ce tsohon ya yi masa alheri, ba zai iya haɗuwa da shi a masallaci ba in bai kai ba.

Tsoho Ɗangiwa ya rasu, ɗansa Na'iya ya zama mai gari. Na'iya mutum ne mai fara'a, ba a taɓa jin ya zagi kowa ba. Yana dai da ƙanne maza da yawa, kowanne da mata, kowace da goyo, gonakin gidansu kuwa ba su ƙaru ba. Dami ya ci gaba da zuwa, shi ma ya ci gaba da sa albarka.

Wata damina, bayan noman farko, Arzika ya dawo daga gona ya ce wuyansa ya riƙe. Bai sake fita ba sai a makara. Ta haka gidansa ya samu kabarinsa na farko a Tunga.

Na'iya ya yi duk abin da ya kamata. Ya bari Zahara'u ta fita takaba. Ya bari aka girbe abin da mamacin ya shuka, har ya turo ƙannensa suka taya ɗaure dammuna suka kai mata rumbu. Sannan ya aiko liman da magana mai laushi, cewa in Allah ya kai rai damina mai zuwa, ƙaninsa Atiku ne zai shiga gonar. Ɗakinta kuwa ta zauna abinta, ba mai tashinta.

Yayanta Sambo ya zo gaisuwa daga gida, ya ce ta tattara su koma. Bai ɓoye mata komai ba. An raba gonakin gida tuntuni, ɗakin Inna ya faɗi, yarinyar kuma can ɗiyar Ingilishi za a ce mata, tunda ba wanda ya ga haihuwarta, ba kuma wanda ya san inda cibiyarta take. Amma tuwo ba zai gagara ba. Zahara'u ta ce ta gode. Ta ce ta riga ta bayar da abin da ta bayar, ba za ta tafi ta bar abin da aka bayar dominsa ba. Sambo bai gane ba, ko kuwa ya gane, ya kwana ya wuce.

Ta goya Mardiya, wadda ta wuce goyo, ta taka har Tambuwal.

Malam Attahiru ya bar alli a lokacin, ya zama mai duba makarantu, yana da babur da tumbi. Ta same shi a zaure, ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta sauke yarinyar ta tsayar da ita a gabansa.

"Malam, kai kac ce duk wanda anka binne cibiyatai nan, ɗan nan na. Mun yi yadda kac ce. Ga ta."

Sai da ta yi masa bayani kafin ya gane, da ya gane kuwa idonsa ya kawo ruwa. Ya yi jawabai da yawa a rayuwarsa, amma ba a taɓa dawo masa da ɗaya yana tafiya da ƙafafunsa ba. Ya dafa kan Mardiya, ya kira matarsa ta zo ta ga sabuwar Nijeriya. Ya maimaita wa Zahara'u jawabin tun daga farko, har da wasu wurare da ya gyara tun daga wancan lokaci. Ta saurara har ya gama. Ya ce zalunci ba zai yiwu ba yana raye, ta je ta gaya wa mai gari yana nan tafe.

A Tunga, wanda ya kira baƙo shi ke ciyar da shi, da duk wanda ya zauna tare da shi. Zahara'u ta duba abin da take da shi mai jini a jika. Akuyar da Atu ta ba ta ce kaɗai, ta tsufa, ta daina haihuwa, 'ya'yanta duk sun tafi a hidimar ciwo da ta mutuwa. Ta ja ta ta kai wa liman ya yanka.

Malam ya iso da hantsi, yara na bin babur. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai gari, dattawa suka zauna, Na'iya da Atiku a gefe guda. Zahara'u na daga bayan zana, daidai wurin da mijinta ya taɓa tsugunawa. Malam ya yi magana har inuwa ta matsa aka ja tabarmi. Ya yi bayanin mulkin kai, da tsarin mulki, da yadda sauran ƙasashen duniya ke kallon Nijeriya. Na'iya ya saurara da ladabi, yana cewa haka ne a duk inda aka tsaya.

Sannan Malam ya shiga tambaya, irin ta aji. Gonar nan saye ce? Aka ce a'a. Kyauta ce? Liman ya ce shi dai abin da ya sani, marigayin bai taɓa fashin kai dami ba, har kakar bara, kuma duk wanda ke zaune a nan ya gani. Dattawa suka ce sun gani, suka ƙara da cewa Allah ya jiƙan Bafaranshe, mutum ne mai amana. Malam ya jinjina kai, fuskarsa ta saki, kamar wanda ɗalibi ya ba amsar da yake jira.

"To magana ta fito," ya ce. "Yarinyar nan 'yar Nijeriya ce cikakkiya, wannan babu mai taɓa shi. Na ce hakkinta ɗaya da na ɗan sarki, ban kuma janye ba. Ɗan sarki ma ba ya gadon aro."

Aka ce gaskiya ne. Don kada a ɗauka yarinyar ta tashi a tutar babu, Malam ya bayyana abin da take da shi. Tana iya shiga jirgin ƙasa daga Gusau har Ikko ba mai tambayarta daga ina. Tana iya shiga makaranta. In ta girma za ta jefa ƙuri'a. Nan ya tuna a Arewa mata ba sa jefawa, sai ya gyara, ya ce mijinta zai jefa.

Wani tsoho mai suna Ɗan'iya, wanda kunnensa ya yi nauyi bai kuma samu rabin bayanin ba, ya tambaya da zuciya ɗaya ko ita Nijeriyar tana da gona a nan Tunga, a ba yarinyar. Malam ya ce tukuna, komai a hankali ake yinsa.

An fara gyara zama don abinci sai murya ta fito daga bayan zana, ba da ƙarfi ba.

"Cibiyatta fa?"

Dattawa suka juya wajen zana.

"Tana tsakiyar gona," in ji Zahara'u. "Atiku shi bi ta kai da garma?"

Atiku ya ce shi kam ba ya son cin geron da ya tsiro a kan jikin mutum. Na'iya ya shafa gemu. Ba wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan, domin ba wanda ya taɓa binne cibiya a gona. Malam Attahiru ne kaɗai fuskarsa ta haskaka. Ya miƙe, ya ce a tashi a je a gani da ido.

Suka ɗunguma har gonar. Tsamiyar ta kai tsayin mutum, tana tsaye ita kaɗai a cikin karan da aka girbe. Malam ya karɓi buzun liman ya shimfiɗa a gindinta, ya sa aka jera duwatsu a kewayen buzun. Sannan ya ɗaga murya, da Hausar rediyo, ya ce wannan wuri na Mardiya ne, ita da 'ya'yanta da jikokinta, garma ba za ta shiga ba har abada, kuma wannan shi ne amfanin doka. Na'iya ya amince nan take. Ya ƙara da cewa a kan wannan wurin ya yafe dami. Dattawa suka yaba masa, suka ce ya gaji ubansa.

Aka koma aka ci akuya. Malam ya ce naman ya ɗan yi tauri amma miyar ta yi daɗi. Cinyar da ta rage aka naɗe a ganye aka ɗaure masa a bayan babur, tsarabar iyali. Da zai tafi ya tsaya daidai zana ya ce wa Zahara'u ba sai ta yi godiya ba, aikinsa ne. Ta yi godiyar. Ta kwashe akusa ta kai bakin rijiya.

Da shekara ta zagayo aka sake bikin mulkin kai a filin ƙwallo. Wannan karon an kafa rumfa, ba a bukaci tebur ba. Malam Attahiru ya yi jawabinsa, ya kuma ƙara masa sabon sashe. Ya ce masu shakka su je wata tunga a kan hanyar Kebbe, za su tarar da 'yar baƙi, marainiya, uwa da uba duk daga ƙasar Faransa, amma tana da wurinta na kanta, an kewaye mata da duwatsu, mai gari da kansa bai isa ya sa garma ba. Aka yi tafi sosai. Aka kira yara cin shinkafa.

A wannan hantsin Zahara'u na gonar Atiku tana kwasar zangarniyar da maza suka yanke, tana tarawa inda za a ɗaure. Da yamma za a auna mata nata a ƙwarya. Geron ya yi kyau, ƙasar ba ta manta da takin da ta sha ba. Mardiya na barci a gindin tsamiya, a cikin duwatsu. Ta ƙara tsawo a daminar nan. Ƙafafunta sun haye duwatsun, sun kwanta a kan yaɗon waken Atiku.

Ba wanda ya kula. Atiku ma yana can ƙarshen gona, bai gani ba. Zahara'u ta sauke abin da ke kanta, ta zo ta tsuguna, ta naɗe ƙafafun yarinyar a hankali ta mayar da su ciki. Ta tayar da yaɗon waken da ya kwanta, ta kakkaɓe masa ƙasa, ta koma bakin aiki.